Tarihin NAD: Daga Ruwan Yis zuwa Maganin Felagira

A shekarar 1906, a Cibiyar Lister da ke Landan, Arthur Harden da William Young suna nazarin yadda ruwan yis yake mayar da sukari barasa. Da suka tace ruwan sai ya rabu gida biyu: kashi mai manyan ƙwayoyi wanda zafi yake lalatawa, da kashi mai ƙananan ƙwayoyi wanda ko an tafasa shi ba ya lalacewa. Babu kashin da ya iya aikin shi kaɗai, sai da aka sake haɗa su. A cikin ƙaramin kashin nan ne sinadarin da ake kira NAD a yau yake.

Hans von Euler-Chelpin ya ci gaba da binciken ƙirarsa a Suwidin, har shi da Harden suka sami lambar yabo ta Nobel a 1929. A 1936 Otto Warburg na Jamus ya nuna cewa ɓangaren nikotinamid na sinadarin shi ne yake karɓar haidurojin. Ke nan NAD ɗan dako ne: yana ɗaukar ilektoron biyu daga abincin da ake narkarwa ya koma NADH, ya sauke su a inda ƙwayar halitta take samar da makamashi, sannan ya dawo ya sake ɗauka.

A daidai wannan zamani, cutar felagira tana hallaka dubban talakawa a kudancin Amurka, masu dogaro da masara. Alamominta su ne ƙurajen fata, gudawa da ruɗewar hankali. Likitoci da yawa sun ɗauka annoba ce mai yaɗuwa. Daga 1914 Joseph Goldberger ya nuna cewa daga abinci take, domin da aka ƙara wa marayu madara, nama da ƙwai, sai cutar ta kau. Ya rasu a 1929 bai gano sinadarin da ya yi ƙaranci ba.

A 1937 ne Conrad Elvehjem na Jami'ar Wisconsin ya warkar da karnuka masu ciwon baƙin harshe da nayasin, wato bitamin B3, wanda da shi jiki yake gina NAD. Masara tana da nayasin, amma a ɗaure yake, hanji ba ya iya tsotse shi sosai. Mutanen Meziko, waɗanda tun fil azal suke dafa masararsu da ruwan toka ko farar ƙasa, suna kwance shi ta wannan hanya, shi ya sa cutar ba ta addabe su ba.