Me ya sa Bawku take cikin Gana, ba Burkina Faso ko Togo ba?

Bawku garin kasuwanci ne a kusurwar arewa maso gabashin Gana, kusa da mahaɗar iyakokin Gana da Burkina Faso da Togo. Duk wanda ya duba taswira zai ga iyakar arewacin Gana ta miƙe kusan sambal, sai da ta kusa Bawku ta lanƙwasa ta yi arewa. Ba kuskuren mai zane ba ne.

A ranar 14 ga Yuni 1898 Ingila da Faransa suka ƙulla yarjejeniya a birnin Paris, suka ɗauki layin digiri 11 na arewa a matsayin iyaka. To, Bawku tana ɗan arewa da wannan layi, da an bi shi kai tsaye, da yau Faransanci ake koyarwa a makarantunta. Sai aka karkata iyakar, takardar ma ta ambaci hanyar da ta taso daga Gambaga ta ratsa Bawku zuwa Tenkodogo. Hanya ce ta fatake, Mosawa da Hausawa, masu gangarawa kudu da dabbobi su dawo da goro. Wannan yarjejeniya ce kuma ta zana da'irar mil 100 kewaye da Sakkwato, iyakar da aka gyara daga baya tsakanin Nijar da Najeriya.

Ta gabas kuwa Jamus ce abokiyar takara. A 1888 ita da Ingila sun amince kada kowa ya taɓa yankin Salaga da Yendi, amma alkawarin bai hana sojojin Jamus karya rundunar Dagomba a Adibo ranar 4 ga Disamba 1896 ba. A 1899 aka raba yankin: Salaga ga Ingila, Yendi ga Jamus. Masarautar Dagomba ta tsage biyu, Pusiga maƙwabciyar Bawku ita ma ta koma ɓangaren Jamus.

Mulkin Jamus bai yi ƙarko ba. Sojojinta na Togo sun miƙa wuya a Kamina ranar 26 ga Agusta 1914, Ingila ta karɓi yammacin ƙasar. Ƙuri'ar raba-gardama ta 9 ga Mayu 1956 ce ta tabbatar da Yendi da Pusiga cikin ƙasar da ta zama Gana a 6 ga Maris 1957.