Daga Aikin En'e Zuwa Akwatin Tanda

Mu da muka tsufa a sashen ayyuka na ƙaramar hukuma a gabashin Sakkwato mun tarar da ragowar tsarin En'e. A zamanin Turawa babu maganar gasa a ƙasar Gobir. Manyan ayyuka na sashen ayyukan gwamnati ne, wato PWD, ƙananan kuwa En'e ke yi da kanta: a fitar da kuɗi daga baitulmali, a ɗauki birkila da kafinta, hakimi ya tara leburori, wasu da lada, wasu na tilas. Ko da jirgin ƙasa ya iso Kaura Namoda a 1929, abin da ya sauƙaƙa shi ne kawo siminti da kwano.

Kuɗin fetur ne ya haifi ɗan kwangila irin wanda muka sani. Kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar Bakolori tsakanin 1974 da 1978, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ba kowace majalisa kwamitin tanda nata. Aka girka akwati mai kwaɗo a sakatariya. Sai dai kowa ya san wanda zai ci tun ba a buɗe ba. Mutum ɗaya ya jefa ambulan uku da sunan kamfani uku, biyu 'yan rakiya ne. Ya karɓi kafin alƙalami, ya zube yashi tifa biyu a bakin kwalbati, sai dai a ji ya tafi Makka.

Obasanjo ya kafa ofishin bin ƙa'ida a 2001, wanda Oby Ezekwesili ta yi suna da shi, sannan dokar sayayya ta 2007 ta kafa hukumar BPP. Dokar ta ce gasa a buɗe ita ce asali: talla a jaridu biyu na ƙasa, a buɗe ambulan a gaban kowa, a ba mai rahusa cikin waɗanda suka cika sharaɗi. A lokacin ta kuma taƙaita kafin alƙalami zuwa kashi 15 cikin ɗari. Ta bar ƙofar zaɓen kamfanoni kaɗan, da ba da aiki kai tsaye idan akwai gaggawa. Jihohi suka bi sahu da nasu dokokin.

A ganina doka ce mai kyau, amma a nan ta zo da nata ciwon. Maginin garin Kurawa da ya iya aza aji biyu da ofis ba shi da shaidar harajin shekara uku, balle takardar fansho. Mai takardu yana Abuja ko Sakkwato, shi ke cin aikin, ya sayar, wanda ya saya ya sake sayarwa. Kafin takarda ta iso hannun mai cebur an yanke riba hawa uku, daga nan sai rodi ya sirance, buhun siminti ɗaya ya haifi bulo fiye da ƙima. Yanzu ga 'yan bindiga tsakanin Isa da Sabon Birni: injiniyan da ya kamata ya duba aiki yana tsoron hanya, sai ya sa hannu a kan hoton waya. Ƙofar gaggawa kuwa ta zama babbar ƙofa.

Don haka jama'ar Gobir, in kun ga an sauke tsakuwa a garinku, ku nemi a kafa allo mai sunan kamfani, da kuɗin aikin, da ranar gamawa. In babu, ku tambayi kansilanku.