Tiga: Garin da Tafki Ya Zo Ya Tarar

A ƙasar Hausa, galibin garuruwan bakin ruwa ruwan ne ya kira mutanensu. Wani ya ga kogi, ya sauke kaya, ya kafa bukka, 'yan'uwa suka biyo shi, gari ya kafu. A Tiga, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, al'amarin ya zo a juye. Mutane suna zaune a gonakinsu ruwa ya zo ya tarar da su. Tafkin da ake gani a yau, wanda ido ba ya kai ƙarshensa, shekarunsa ba su wuce hamsin da 'yan kai ba, kuma har yanzu akwai dattawan da za su nuna maka tsakiyar ruwa su ce can gidansu yake.

Tiga tana kudu da birnin Kano da tazarar kilomita kusan 70. Matafiyi da ya doshi wannan yanki zai lura ƙasa tana ƙara tudu, duwatsu suna yawaita, itatuwa suna ƙara duhu, domin damina ta fi nauyi a nan bisa ga arewacin jihar. Daga tsaunukan can kudu, a gindin tudun Jos, Kogin Kano yake tasowa. Yana ratsa ƙasar Doguwa da dajin Falgore, ya gangaro ta Tudun Wada, ya nufi arewa. Kusa da birni yake haɗuwa da Kogin Challawa su zama Kogin Hadeja, wanda ruwansa ke bi ta Komadugu Yobe har Tafkin Chadi. Kafin a tare shi, kogi ne mai fuska biyu: a watan Agusta ya cika ya batse, ya malale fadamu, da rani kuma ya koma rairayi, sai an tona ake samun ruwa. A kan wannan juyi mutanen bakinsa suka gina rayuwarsu. Manomi yana da gonar tudu ta dawa da gero, yana da fadama ta rake da albasa, makiyayi kuma ya san inda zai shayar da garkensa idan ciyawa ta bushe.

Yankin tsohuwar hanya ce. Fatake masu zirga-zirga tsakanin Kano da Zariya a Bebeji suke yada zango, garin da ke da ganuwa da kasuwa tun kafin zuwan Turawa. Hugh Clapperton ya bi ta nan a 1826, ya kuma rubuta cewa babban gari ne mai yawan jama'a. A Bebeji ne sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka fara gamuwa da turjiyar Kanawa a ranar 1 ga Fabrairu, 1903, kwana biyu kafin su ci birnin Kano. Gabas da nan akwai Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, can kudu kuma akwai Riruwai da ma'adininta na kuza. Duk da haka, babu wanda ya san wannan ƙasa da babban ruwa. Ƙasar hatsi ce da auduga da kiwo.

Abin da ya sauya ta ya faro ne daga 1967, lokacin da aka ƙirƙiri Jihar Kano aka naɗa Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako gwamnanta. Gwamnatinsa ta ɗauki tare ruwa a matsayin ginshiƙin arziƙin jiha. Aka fara da ƙananan madatsu irin ta Bagauda, sannan a 1971 aka soma aikin Tiga, aka gama a 1974. Shekarun ginin sun zo daidai da babban farin da ya addabi Sahel, dabbobi suka mutu, rumbuna suka ƙare, don haka ba a sha wahalar gamsar da jama'a cewa ajiye ruwa wajibi ne ba. Kuɗin man fetur kuma sun fara shigowa. Aka tayar da bangon ƙasa mai tsayin mita 48 da tsawon kilomita 6, ruwa ya taru a bayansa ya mamaye fili mai faɗin murabba'in kilomita 178, da ƙarfin ɗaukar abin da ya kusan kai kubik mita biliyan 2.

Filin da ruwan ya cinye ba daji ba ne. Dubban mutane aka tasa. Gidaje da masallatai da maƙabartu da itatuwan kuka da ɗorawa duk suka nutse. An ba da matsuguni, an biya diyya, amma akwai abin da diyya ba ta mayarwa. Wanda ya rasa fadama aka ba shi tudu, ya rasa noman rabin shekara. Wanda aka raba da maƙwabtan da suke gayya tare, ya rasa hannun da ke taya shi huɗa. Tina Wallace, wadda ta yi bincike kan aikin noman rani na Kogin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa ribar aikin ta fi karkata ga masu jarin sayen taki da hayar tarakta, ƙaramin manomi kuma sau da yawa jinginar da gonarsa yake yi.

A nan ne tsarin ƙasa ya yi hukuncin da har yau yake aiki. Ruwan madatsa gangara yake bi. Babbar hanyar ruwa da ta fita daga Tiga tana zubawa a tafkin Ruwan Kanya, daga nan ta rarrabu zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda aka tsara shayar da hekta 22,000 a zangon farko. Manomin can buɗe kwalbati kawai zai yi ruwa ya shigo gonarsa. Manomin da ke zaune a gefen tafkin kuwa yana sama da ruwan, sai ya sayi inji da fetur da tiyo kafin ya ɗaga shi zuwa shukarsa. Shi ya sa sunan Kura ya tafi da shinkafa, sunan Kadawa ya tafi da tumatir, har kamfanin Dangote ya kafa masana'antar tumatir a can, alhali ƙauyukan da suka ba da ƙasarsu ba su sami irin wannan suna ba. Birnin Kano ma yana cikin masu cin moriya, domin ruwan da ake saki daga Tiga yana cikin abin da matatar Tamburawa take tacewa. Tun 1976 kuma, da aka kafa Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are, ikon buɗewa da rufewa ya koma hannun Gwamnatin Tarayya.

Abin da tafkin ya ba maƙwabtansa kai tsaye shi ne kifi. Masunta sun zo daga wurare daban-daban, 'ya'yan manoma kuma suka koyi tuƙa kwalekwale da jefa birgi da kafa mali. Da asuba ake fitowa da karfasa da tarwaɗa, dillalai suna jira a bakin gaɓa, wani kifin ya tafi Kano ɗanye, wani mata su soya ko su yi banda. Idan ruwa ya ja baya da rani, sai danshin da ya bari ya zama gona, a shuka masara da kayan miya, a yi sauri a girbe kafin ya dawo. A wannan ɗan zirin ƙasa manomi da makiyayi suke haɗuwa, kowa da buƙatarsa, kuma nan ne masu unguwanni da ardo-ardo suka fi yin sulhu. Ruwan da ba ya gudu ya zo da nasa ciwon: sauro ya samu gida, tsargiya kuma ta zama sananniyar cuta ga yaran da ke wanka da kamun kifi a gefe.

An yi wa yankin wasu alkawura. Otal ɗin Rock Castle da aka gina a kan dutse yana kallon tafkin, da otal ɗin Bagauda, an yi su ne domin jawo baƙi masu yawon buɗe ido. Na Bagauda daga baya ya zama reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. Aikin samar da lantarki mai megawat 10 daga madatsar, wanda gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta faro a zangonta na biyu, an tsara shi ne musamman domin injinan ruwa da fitilun titunan birni. Ko wutar ma, hanyar da ruwa ya bi ita za ta bi.

Mutanen Tiga suna da abokan rashi a can ƙasa, waɗanda ba su taɓa gani ba. Fadamun Hadeja da Nguru sun dogara ne da ambaliyar shekara-shekara: ita ke shayar da shinkafarsu, ta cika tafkunan kifinsu, ta tsirar da ciyawar dabbobinsu. Da aka tare Kogin Kano, sannan aka ƙara da madatsar Challawa a 1992, ambaliyar ta ragu. Ruwan da ake saki kaɗan-kaɗan duk shekara kuma ya ba ciyawar kacala damar toshe magudanai. Masana tattalin arziƙi Edward Barbier da Julian Thompson sun ƙididdige a 1998 cewa asarar da fadamun suka yi ta fi ribar da noman rani na sama ya kawo. Madatsa ba ta ƙara ko ɗigo ɗaya a kan abin da sama ta zubar. Rabo take sakewa, kuma wanda ke riƙe da makullin shi ke yanke wa kowa kasonsa.

Madatsar kanta tana tsufa. Fashewar ta Bagauda a daminar 1988 ta nuna abin da bangon ƙasa zai iya yi idan ruwa ya fi ƙarfinsa, daga baya kuma aka rage tsayin mazubar Tiga domin kariya, abin da ya rage yawan ruwan da take riƙewa. Kowace damina, yashi da laka suna gangarowa su kwanta a ƙasan tafkin. Duk itacen da aka sare a Falgore, duk gangaren da aka nome a Doguwa ko Tudun Wada, yana ƙara wannan laka. Ke nan tsawon ran tafkin yana hannun mutanen da suka fi kowa ƙarancin rabo a cikinsa. Idan ana son su tsare daji su kiyaye gaɓa, sai sun ga nasu kason: famfo a gidajensu, injinan ban-ruwa da za su iya biya, asibitin da ke da maganin tsargiya, da kujera a wurin da ake yanke ranar sakin ruwa. Manomin Kura da masuncin Nguru da mai buɗe famfo a Kano duk suna da buƙata a wurin mutumin Tiga, ko sun sani ko ba su sani ba.