Birkin Baki ko Salansa? Nazari a Kan Ƙarar Bindiga da Kunnen Maharbi a Yankin Minna

Tsakure

Maƙalar ta auna na'urori biyu da ake ɗaura wa bakin bindigar farauta, birkin baki da salansa, ta kuma duba dacewarsu da bindigogin maharban Minna da kewaye. Matsayarta ita ce kunne ya fi kafaɗa cancantar kariya.

Yadda suke aiki

Idan albarushi ya kama, iskar da ta tura harsashi tana biyo shi da ƙarfi ta baki. Birki ɗan guntun ƙarfe ne mai ƙofofi a gefe, yana karkatar da iskar dama da hagu, wani lokaci har baya-baya. Da haka naushin da bindiga ke kai wa kafaɗa yake raguwa, bakinta ma ya rage tsalle. Sai dai iskar da aka karkatar kan maharbi take komawa, da duk wanda ke tsaye kusa da shi. A rani, bayan an ƙone daji, tana tayar da toka da ƙura su shiga ido.

Ita kuwa salansa, wadda Hiram Percy Maxim ya yi wa rajista a Amurka a 1909, aikinta irin na salansar babur ne: ɗakuna a jere da ke riƙe iskar har ta huce. Tana rage ƙarar da kimanin desibel 20 zuwa 35, ta ɗan sassauta naushi, amma tana ƙara wa bindiga tsawo da nauyi. Ba ta mayar da harbi shiru kamar yadda fina-finai ke nunawa.

Tattaunawa

Ƙarar babbar bindigar farauta tana kai desibel 160, alhali ƙa'idar lafiya ta tsaya a 140 ga ƙara mai zuwa farat ɗaya. Ma'aunin ba na ƙidaya ɗaiɗai ba ne: ƙarin desibel 10 ninki goma ne na ƙarfin sauti. Ɓarnar kan fara da siraran sautuka wajen hertz 4,000, shi ya sa tsohon maharbi yakan ji ana magana amma kalmomin su kuɓuce masa, musamman a hayaniyar kasuwa. Abin lura, mai ɗora bindiga a kafaɗar dama kunnensa na hagu ya fi cutuwa, domin shi ke fuskantar baki. Kafaɗar da ta yi tsami gashi da ruwan zafi kan warkar da ita, amma ƙwayoyin ji na cikin kunne ba sa sake tsirowa.

A nan ne muhawarar Turai ta rabu da tamu. A Finlan da Birtaniya maharba da dama na amfani da salansa bisa doka. Maharbin Paiko ko Kuta, mai bin gafiya da gada da zabo, yawanci harba-ka-ruga ce a hannunsa, ko mai baki ɗaya. Harba-ka-ruga ta baki ake ɗura mata albarushi a danna da sanda. Abin da aka ɗaura wa bakin zai iya tare hanyar ɗuri. Dokar Makamai ta ƙasarmu ta 1959 ma ta ware bindigogin ɗuri a rukuninsu daban, ta sa lasisin bindigar farauta ta zamani a hannun Sufeto-Janar na 'yan sanda.

Ga mai bindigar zamani, inda doka ta yarda, salansa ta fi birki, ko da ita ma sai an haɗa da abin toshe kunne. Ga maharbinmu kuwa, ɗan soson toshe kunne shi ne abin da hannunsa zai kai. Muna kira ga ƙungiyoyin maharba na Jihar Neja da ma'aikatan lafiya su fara gwada jin membobinsu kafin kowace kakar farauta.