Likitan Da Aka Karrama Saboda Makantar Da Ba Ta Zo Ba

A tsakiyar birnin Wagadugu, hedkwatar ƙasar Burkina Faso, an daɗe da wata unguwa da Mosawa suke kira Zanguwetin, wato zangon Hausawa. Fatake ne suka kafa ta, waɗanda suke tasowa daga Kano da Katsina da sauran garuruwan ƙasar Hausa da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi, su nufi Gwanja sayen goro. Hanyar nan ta kudu tana ƙetare kwarurukan kogunan Bolta guda uku, wato Fari da Ja da Baƙi, waɗanda yanzu ake kira Nakambe da Nazinon da Muhun. A da, matafiyi a wannan yanki yakan ga abin da yake ɗaure kai. Ƙasa mai dausayi a bakin ruwa tana kwance babu mai nomanta, mutane kuwa sun cunkushe a kan tudu inda ƙasa ta gaji. A ƙauyukan da suka rage kusa da ruwan, ba wuya a ga magidanci mai sauran ƙarfi yana riƙe da ƙarshen sanda, ƙaramin yaro yana riƙe da ɗaya ƙarshen yana jan sa.

Abin da ya kore mutane daga bakin ruwa shi ne cutar da ake kira makantar bakin kogi. Wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda ne yake ɗaukarta. Ƙudan nan yana yin ƙwai ne a inda ruwa yake gudu da ƙarfi a kan duwatsu, yana kuma cizo da rana. In ya ciji mai cutar, sai ya kwaso 'ya'yan wata tsutsa, ya kai wa na gaba. Tsutsar takan girma a ƙarƙashin fata ta yi ƙulli, ta zauna shekara goma har zuwa goma sha huɗu tana haihuwa. 'Ya'yan nata ne suke yawo a cikin fata suna jawo ƙaiƙayi mai hana barci, har fata ta yi kaushi ta koɗe. Sa'ad da suka kai ga ido, gani yakan riƙa raguwa sannu sannu har ya ɗauke. Ba cizo ɗaya ne yake makantar da mutum ba, tarin cizo ne na shekara da shekaru. Shi ya sa masunta da manoman bakin rafi suka fi shan wahala, kuma makantar takan same su ne a daidai lokacin da iyali suke dogara da su.

Tun a 1926 wani likita mai suna Donald Blacklock ya tabbatar a Saliyo cewa ƙudan ne mai yaɗa cutar. Amma sani dabam, magani dabam. Magungunan da ake da su a lokacin suna da haɗari ƙwarai, wani ma yakan ƙara lalata idon da ake so a ceta. Saboda haka masana suka juya ga ƙudan. A 1968 aka yi taro a Tunis, aka yarda cewa in aka haɗa ƙasashe da yawa ana iya yaƙarsa. Sai dai babu kuɗi. A 1972 shugaban Bankin Duniya, Robert McNamara, ya zo ƙasar, wadda a lokacin sunanta Bolta ta Sama, ya ga makafin da idonsa, ya kuma saurari bayanin wani masanin ƙwari Bafaranshe mai suna René Le Berre. Daga nan al'amari ya motsa.

A 1974 aka kafa Shirin Yaƙi da Makantar Bakin Kogi na Afirka ta Yamma, aka sa hedkwatarsa a Wagadugu. Hukumar Lafiya ta Duniya ce take gudanar da aikin, Bankin Duniya yana tara kuɗi, tare da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na raya ƙasashe da na abinci da noma. Ƙasashe bakwai ne suka fara: Bolta ta Sama, da Nijar, da Mali, da Gana, da Togo, da Dahomey wadda ta zama Benin, da Kwaddibuwa. A 1986 aka faɗaɗa shi ya haɗa da Gini, da Gini Bisau, da Senegal, da Saliyo, suka zama goma sha ɗaya.

Dabarar ba ta da wuyar faɗi. Tun da tsutsa tana mutuwa da kanta bayan wajen shekara goma sha huɗu, in aka hana ƙuda yaɗa sabuwa har tsawon wannan lokaci, cutar za ta ƙare a jikin jama'a. Saboda haka kowane mako jirage masu saukar ungulu da ƙananan jirage sukan bi koguna suna zuba maganin da yake kashe 'ya'yan ƙudan tun suna maƙale a cikin ruwa. Kowane mako fa, rani da damina, domin 'ya'yan ƙudan ba su daɗewa kafin su yi fiffike. Sa'ad da aikin ya kai ƙarshen faɗinsa, tsawon kogunan da ake kula da su ya kai wajen kilomita 50,000. Dole kuma a auna yawan ruwan kowane kogi kafin a zuba, gama in maganin ya yi kaɗan ƙuda zai tsira, in ya yi yawa kifi zai mutu, masunta su rasa abinci.

A 1980 aka naɗa Dokta Ebrahim Malick Samba shugaban wannan shiri. Mutumin Gambiya ne, an haife shi a 1932, ya yi karatu a Gana da Ailan da Sikotlan, ya zama likitan fiɗa, ya kuma shugabanci aikin lafiya na ƙasarsa. A nan akwai abin lura. Likitan fiɗa yana ganin ladan aikinsa a rana ɗaya: an kawo mutum a kwance, an yi masa aiki, ya tashi, dangi sun zo da godiya, wani har da kaza ko rago. Samba ya bar wannan ya koma ga aikin da mai cin moriyarsa ba zai taɓa sanin an yi masa kome ba. Yaron da aka haifa a bakin Nakambe a 1985, wanda ya girma da idonsa garau, ba shi da dalilin tambayar wa ya hana shi makancewa.

Ya kuma karɓi aikin ne a mugun lokaci. A shekarar nan ta 1980 aka gano a Kwaddibuwa cewa wani irin ƙudan ya daina jin maganin da aka dogara da shi. Ga kuma iskar farkon damina tana kwaso ƙudaje daga ɗaruruwan kilomita, daga kogunan da ba a yi wa feshi ba, tana zuba su a wuraren da aka riga aka tsabtace. Masu ba da kuɗi a Turai da Amurka suna iya cewa sun gaji. Da an tsaya a nan, da duk wahalar shekara shida ta tafi a banza, domin tsutsotsin da suke jikin mutane ba su mutu ba tukuna. Masanan shirin suka nemo waɗansu magunguna, har da wani da ake samu daga ƙwayar halittar da take cikin ƙasa, suka riƙa sauya su bi da bi don kada ƙudan ya saba da ɗaya. Aikin shugaba kuwa shi ne ya riƙe gwamnatoci goma sha ɗaya da masu ba da kuɗi a kan magana ɗaya, a yankin da juyin mulki ba baƙon abu ba ne. Ita kanta ƙasar da hedkwata take ta sauya gwamnati da bindiga a 1980, da 1982, da 1983, da 1987, ta kuma sauya suna a 1984. Jiragen feshi dai ba su daina tashi ba.

Taimako ya zo ta wata hanya a 1987, sa'ad da kamfanin Merck na Amurka ya yi shelar zai ba da maganin Mectizan kyauta ga duk mai bukata, har iyakar lokacin da ake bukata. Maganin yana kashe 'ya'yan tsutsar, ya kwantar da ƙaiƙayi, ya tsare ido, ana kuma shan sa sau ɗaya a shekara. Dokta Mohammed Aziz, wanda ya jagoranci gwajinsa na farko a kan mutane a Dakar a 1981, ya rasu a shekarar da aka yi shelar. William Campbell da Satoshi Omura, waɗanda bincikensu ya haifar da maganin, sai a 2015 suka sami lambar Nobel.

A 1992 girmamawa ta zo wa Samba har sau biyu. Gidauniyar Balzan, mai ofisoshi a Italiya da Suwizalan, ta ba shi lambarta ta fannin rigakafin cututtuka. A shekarar kuma aka ba shi Lambar Afirka ta shugabanci wajen kawar da yunwa, tare da Graça Machel ta Mozambik. Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa likita da lambar yunwa? Amsar tana bakin kogunan nan: manoma sun koma dausayin da kakanninsu suka gudu suka bari. Ya bar Wagadugu a ƙarshen 1994, ya zama shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya reshen Afirka daga 1995 zuwa 2005.

Lambar ta dace da shi, amma suna ɗaya kaɗai take ɗauka, aikin kuwa na ɗaruruwan mutane ne. A cikinsu babu waɗanda suka fi cancantar a tuna da su kamar masu kamun ƙuda. Don a san ko feshi yana aiki, sai an ƙirga ƙudajen da suke cizo. Hanyar kuwa ita ce mutum ya zauna a bakin kogi daga ƙarfe bakwai na safe zuwa shida na yamma, ya naɗe wandonsa zuwa gwiwa, duk ƙudan da ya sauka a ƙafarsa ya kama shi da 'yar kwalba kafin ya cije shi. Daga nan a kai wa masu dubawa su feɗe ƙudan ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubin likita, su ga ko yana ɗauke da tsutsa. Lissafin da aka kai wa manya a Janiba da Washington daga ƙafafun waɗannan mutane ya fito. Haka kuma 'yan sa kai na ƙauyuka, waɗanda daga baya suka riƙa bi gida gida da sandar awo mai alamu, suna gwada tsawon mutum don su san ƙwaya nawa za su ba shi.

An rufe shirin a watan Disamba na 2002. Bisa ga lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, an hana makantar mutum wajen 600,000, yara miliyan 18 sun taso ba tare da barazanar cutar ba, an kuma buɗe hekta miliyan 25 na ƙasar noma. Nijeriya ba ta cikin wannan shiri na farko. Ta shiga na biyu ne, wanda aka kafa a 1995 domin raba magani a sauran ƙasashen Afirka, shi ma da hedkwata a Wagadugu har zuwa 2015. Wata 'yar Nijeriya, Dokta Uche Amazigo, ta shugabance shi, aka kuma ba ta lambar Yarima Mahidol ta ƙasar Tailan ta 2012.

Ita Zanguwetin, tsohon zangon fatake, ba ta daɗe ba bayan shirin farko. A 2003 gwamnati ta rushe ta tare da maƙwabtan unguwanni don faɗaɗa yankin kasuwanci, mazauna suka watsu zuwa gefen gari. Dokta Samba ya rasu a 2016. Shekara tara bayan haka, a watan Janairu na 2025, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijar, ɗaya daga cikin ƙasashe bakwai na farko, ta kawar da yaɗuwar makantar bakin kogi, ita ce kuma ta fari a Afirka.