Matar da ta gina kwaleji da karo-karo

 A ajinmu na yaƙi da jahilci ne Malama ta kawo mana labarin wata Ba'amurkiya, Mary Lyon, muka ce wannan kam sai ta shiga takardar biki, don hanyar da ta bi ba baƙuwarmu ba ce.

An haife ta a 1797 a ƙauyen Buckland, jihar Massachusetts ta Amurka, a gidan manoma marasa ƙarfi. Tun tana ƙarama mahaifinta ya rasu. Tana da shekara 13 uwarta ta sake aure ta tare, ita kuma ta zauna riƙe wa yayanta gida, yana ba ta dala ɗaya a mako. A shekara 17 ta fara koyar da yara. Ɗan abin da ta tara da shi ta koma karatu, har barguna da ta saƙa da hannunta ta bayar a bakin kuɗin ci da kwana.

A lokacin manyan kwalejoji na maza ne. Makarantun 'yan mata akwai su, amma masu kyau sai 'ya'yan masu hali, kuma sau da yawa in mai makaranta ya mutu ko ya gaji, shi ke nan, ta watse. Mary ta so wadda 'yar manomi za ta iya biya, wadda kuma ba za ta bi mai ita kabari ba.

A 1834 ta ajiye aikin koyarwa a garin Ipswich ta shiga neman kuɗi. Dala dubu ta farko mata ne suka haɗa mata. Ta ɗauki 'yar jakarta koriya tana bin garuruwa a keken doki, gida gida, ba ta raina ko sisi. Surutu kuwa ta sha shi: wai bai dace mace ta dinga yawon roƙo ba. Mu da muka taɓa zagaya rumfuna karɓar zubin adashe mun san irin kallon nan. Ga shi 1837 shekarar karayar tattalin arziki ce a Amurka, bankuna na rufewa. Mutanen garin South Hadley suka yi alkawarin dala 8,000, aka kafa makarantar a can.

Ranar 8 ga Nuwamba 1837 Mount Holyoke ta buɗe da ɗalibai 80. Kuɗin shekara dala 60 ne, har da abinci. Yaya aka yi ya sauko haka? Ba a ɗauki masu aiki ba. Ɗalibai ke girki, wanki da shara, kowa da rabonta. Amma karatu ba sassauci: sai da jarrabawa ake shiga, ana lissafi da kimiyya, ita kanta shugabar ke koyar da ilimin sinadarai.

Albashin malamai ma ta matse shi ƙwarai, har da nata. A nan muka yi gardama a aji. Wasunmu suka ce sadaukarwa ce. Mu 'yan kasuwa dai muka ce arahar nan wani ne ya biya ta, kuma malaman ne.

Shekara 12 ta yi tana shugabanci, ta rasu ranar 5 ga Maris 1849 tana da shekara 52. An binne ta a cikin harabar makarantar, wadda har yau kwalejin mata ce.