Cizon Kare da Neman Diyya: Waiwaye a kan Tarihin Wata Tambaya

1.0 Gabatarwa

A unguwar ma'aikata da nake zaune, nesa da gida, karen wani maƙwabci ya taɓa cizon yaron wani abokin aikina a ƙauri. Bayan an yi ɗinki, an kuma gama allurai, sai uban yaron ya nufi wajen lauya da takardun asibiti. Lauyan bai fara da duba takardun ba. Tambayar da ya fara yi ita ce, “Shin karen ya taɓa cizon wani, kuma maigidansa ya san da haka?” Uban yaron ya ji haushin tambayar ƙwarai, domin a ganinsa tabon da ke ƙafar ɗansa ya isa shaida.

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun wannan tambaya cikin tarihi. Za a ga cewa ta kusa shekara dubu huɗu ana yin ta, kuma abin da ya bambanta dokokin al'ummu shi ne wanda aka ɗora wa nauyin amsa ta.

2.0 Dokokin Mutanen Da

Ɗaya daga cikin tsofaffin dokokin da suka ambaci cizon kare ita ce ta birnin Eshnunna, a ƙasar Iraƙi ta yau. An rubuta ta a kan allunan yumɓu wajen ƙarni na 18 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an kuma tono allunan a Tel Harmal, kusa da Bagadaza, a shekarun 1945 da 1947. Dokar ta tanadi cewa idan kare mugu ne, hukumar unguwa ta sanar da mai shi, amma bai tsare shi ba har ya ciji mutum ya mutu, to mai karen zai biya shekel 40 na azurfa. Idan bawa ne ya mutu, shekel 15 za a biya. Abin lura a nan shi ne, aikin sanarwa yana wuyan hukumar unguwa. Iyalan mamaci ba sa buƙatar tono abin da ke zuciyar mai kare, domin gargaɗin da aka yi masa a bainar jama'a ya wadatar.

A birnin Atina na ƙasar Girka, an danganta wa Solon, wanda ya yi shugabanci wajen shekarar 594 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wata doka da ta ce a miƙa karen da ya yi cizo ɗaure da gungumen itace mai tsawon kamu uku. Rumawa kuwa, a dokokinsu na Alluna Goma Sha Biyu, wajen shekarar 450 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sun ba mai dabba zaɓi biyu: ko dai ya biya ɓarnar da dabbarsa ta yi, ko kuwa ya sallama dabbar ga wanda aka cuta. Zaɓi na biyu yana iya yin amfani idan sa ne ko doki, amma wanda aka ciza, aka kuma ba shi karen da ya cije shi a matsayin diyya, bai sami abin kirki ba.

3.0 Matsayin Fiƙihun Malikiyya

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi kusa da Bahaushe, domin da littattafan Malikiyya alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci. Asalin hukunci, bisa wani hadisi da ya zo a Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, shi ne raunin da dabba ta yi don kanta ba shi da diyya. Sai dai malamai sun bayyana cewa wannan asali yana gushewa idan hannun mutum ko sakacinsa ya shiga cikin al'amarin. Saboda haka ne Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996 Miladiyya, ta ɗora lamuni a kan mahayi da mai jan dabba da mai kora ta, dangane da abin da ta tattake.

Game da kare kuwa, Risala ta taƙaita halaccin ajiye shi ga tsaron gona da rakiyar dabbobin kiwo da farauta. Ana ba da labarin cewa shi kansa Ibn Abi Zaid ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro, da aka tuna masa ra'ayin Imam Malik, sai ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Wannan ya nuna cewa tun da daɗewa malamai suna la'akari da buƙatar tsaro.

Muhtasar na Shaihu Halil, na ƙarni na 14, ya ambaci kare mai cizo wanda aka riga aka gargaɗi mai shi, a cikin babin jini. Masu sharhi sun rarrabe mas'alar gida uku. Idan mutum ya ajiye karen da nufin halaka wani ayyanannen mutum, kuma ya halaka shi, hukuncin ƙisasi ne. Idan ya ajiye shi ba tare da dalilin da shari'a ta yarda da shi ba, lamuni ya hau kansa. Idan kuwa ya ajiye shi bisa halattaccen dalili, lamuni yana hawa kansa ne bayan an yi masa gargaɗi, a gaban hukuma ko shaidu, ya kuma yi sakaci. Kamar dai a Eshnunna, gargaɗi a gaban mutane shi ne ƙashin bayan ƙarar.

Dangane da adadi, cikakkiyar diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Wasu gaɓoɓi suna da ƙayyadadden kaso. Raunin da ba a ƙayyade masa kaso ba, kamar yawancin cizo, alƙali ne ke ƙiyasta shi gwargwadon naƙasar da ya bari, kuma ba a yin ƙiyasin sai raunin ya warke.

4.0 Dokar Ingila da Ƙa'idar Sani

Alƙalan Ingila sun kasa dabbobi kashi biyu: na dawa, kamar zaki da giwa, waɗanda doka ta ɗauka kowa ya san haɗarinsu, da na gida, kamar kare da sa, waɗanda doka ta ɗauka masu lafiya ne har sai an nuna akasin haka. Saboda haka wanda kare ya ciza sai ya tabbatar wa kotu cewa wannan karen yana da mugun hali, kuma mai shi ya san da halin. Wannan ita ce za a kira ƙa'idar sani a wannan maƙala. Shari'ar May da Burdett ta shekarar 1846, wadda biri ne ya yi cizon, ta tabbatar da cewa da zarar sani ya tabbata, ba sai an nuna sakaci ba.

Daga nan ne mutane suka riƙa cewa doka ta yafe wa kowane kare cizonsa na farko. Maganar ba daidai take ba ɗari bisa ɗari, domin a shari'ar Worth da Gilling ta shekarar 1866 an yarda cewa karen da ya saba zaburo wa mutane da nufin cizo ya riga ya nuna halinsa, ko da haƙorinsa bai taɓa kama kowa ba. Hausawa ma sun ce, in ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi.

Wani abin mamaki a wannan tarihi shi ne, a shekarar 1865 majalisar Ingila ta yi dokar da ta ɗauke wa mai shanu da tumaki nauyin tabbatar da sani idan kare ya raunata dabbobinsa. An sabunta dokar a 1906, aka kuma shigar da kaji da sauran tsuntsayen gida a 1928. Ke nan, tsawon shekaru masu yawa, manomin da kare ya yagi tunkiyarsa ya fi uban da kare ya yagi ɗansa sauƙin samun diyya. Dokar Dabbobi ta 1971 ta maye gurbin tsohuwar ƙa'idar a Ingila, amma ita ma ta riƙe sharaɗin sani game da dabbobin gida.

5.0 Tafarkin Faransa

Kundin dokokin farar hula na Faransa na shekarar 1804 ya bi wata hanya dabam. Sashe na 1385, wanda ya koma na 1243 tun daga 2016, ya ɗora alhakin ɓarnar dabba a kan mai ita ko mai amfani da ita, ko tana hannunsa, ko ta ɓace, ko ta tsere. Ba a tambayar abin da ya sani. Mafitarsa kawai ita ce ya nuna cewa laifin wanda aka ciza ne, ko na wani mutum dabam, ko kuwa wani al'amari ne da ya fi ƙarfin kowa. Jamhuriyar Nijar ta gaji wannan kundi daga Faransa, Nijeriya kuma ta gaji dokar Ingila. Don haka a rubutacciyar doka, Bahaushen Maraɗi da na Katsina, masu harshe ɗaya da al'ada ɗaya, nauyin shaidar da ke kansu ya sha bamban idan kare ya cije su.

6.0 Halin da Ake Ciki a Nijeriya

Nijeriya ta karɓi dokar alƙalan Ingila tare da dokokin majalisarta na gama-gari waɗanda ke aiki a ranar 1 ga Janairu, 1900. Ta wannan ƙofa ƙa'idar sani ta shigo, kuma gyaran da Ingila ta yi a 1971 bai shafe mu ba. A shari'ar Daryani da Njoku ta shekarar 1965, an nuna cewa karen ya taɓa cizon wata 'yar aiki, an kuma kai kuka wajen matar maigidan. Kotu ta ɗauki sanin matar a matsayin sanin mijin, ta ɗora masa alhaki. Da ba a kai wannan kuka na farko ba, da mai ƙara na biyu ya sha wahalar kafa hujja.

Ban da ƙa'idar sani, wanda aka ciza yana iya shigar da ƙara bisa sakaci, misali idan an bar ƙofa a buɗe ko an saki kare inda yara ke wasa. Kotu tana raba diyya kashi biyu. Akwai wadda ake lissafawa dalla-dalla, kamar kuɗin asibiti da na kwanakin aikin da aka rasa, wadda dole a kawo takardun shaidarta. Akwai kuma wadda alƙali ke ƙiyastawa saboda raɗaɗi da tabo.

Kuɗin magani ya ƙara muhimmanci tun daga shekarar 1885, lokacin da Louis Pasteur ya yi wa wani yaro, Joseph Meister, allurar haukan kare, yaron ya rayu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga kare ake ɗaukarta. Wanda ya jira ƙarshen shari'a kafin ya yi allura yana wasa da ransa, domin da zarar alamun cutar sun bayyana, kusan babu mai tsira.

7.0 Matsalar Kalmomi

A nan ne masu nazarin harshe suke da abin cewa. Kalmar da dokar Eshnunna ta siffanta kare da ita, wasu masana sun fassara ta da mahaukaci, wasu kuma da mugu. Irin wannan ruɗani yana nan a kotunanmu. Mahaukacin kare shi ne wanda cuta ta kama, mai yiwuwa jiya lafiyarsa lau. Mugun kare, ko kare mai cizo, shi ne wanda halinsa ke nan. Ƙa'idar sani ta rataya ne a kan na biyu. Idan tafinta ya musanya ɗaya da ɗaya, yana iya rushe ƙarar mai gaskiya.

Haka kuma kalmar diyya ta faɗaɗa a bakin Hausawa. A fiƙihu tana nufin ƙayyadadden abin da ake biya saboda rai ko gaɓa, amma yau ana kiran kuɗin gonar da hanya ta bi ta ciki da wannan suna. Bugu da ƙari, mutane da yawa ba sa bambanta ta da tara, alhali tara baitulmalin gwamnati take shiga, diyya kuwa hannun wanda aka cuta. Ya kamata masu tsara ƙamus na kalmomin shari'a su tsayar da waɗannan iyakoki.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa dokar Eshnunna da fiƙihun Malikiyya sun gina alhakin mai kare a kan gargaɗin da aka yi a gaban jama'a, dokar Ingila ta bar wa wanda aka ciza wahalar tabbatar da sani, Faransa kuwa ta ajiye tambayar gaba ɗaya. Muddin ƙa'idar sani tana aiki a Nijeriya, kai kukan mugun kare wajen mai unguwa ko 'yan sanda, a gaban shaidu, kuma a rubuce, hidima ce ga wanda za a ciza nan gaba. A unguwarmu, bayan an ciji yaron nan, mutum uku suka ce karen ya taɓa korar su, amma kunyar maƙwabtaka ta hana kowannensu faɗa wa mai shi. Daga ƙarshe sulhu aka yi, mai karen ya biya rabin kuɗin asibiti.